HAWAN JINI YA ƘI SAUKA DUK DA ANA SHAN MAGANI: KAFIN KA AJIYE ƘWAYAR, KARANTA WANNAN



'Yan uwa magidanta da iyayenmu mata na Karaye da Rogo, da duk wanda saƙon nan ya iske, Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Maganarmu ta yau a kan hawan jinin da ake shan magani amma ya ƙi sauka ce. Ƙorafin ya yi yawa. Daga Kafin Dabga zuwa Yammedi, daga Zoza zuwa Fulatan, da wuya ka zauna a majalisa ba ka ji wani ya ce, "Ni fa shekara biyu ina haɗiyar ƙwayar nan, kullum aka gwada 170 ne, na gaji" ba. Nan take masu ba da shawara za su taso. Wannan ya ce ai maganin Bature ba ya warkarwa, wancan ya ce a koma tafarnuwa da zoɓo, wani kuma ya rage murya ya ce a bincika ko da sa hannu. Sai bawan Allah ya ajiye ƙwayarsa. Bayan wata uku ko shida sai ka ji an ce ya faɗi a banɗaki ko a gona, ɓarin jiki ya shanye. Maigida ya kwanta, noma ya tsaya, yara sun bar makaranta, uwargida ta koma jinya.

Ra'ayina a fili yake: idan jini ya ƙi sauka, ajiye maganin asibiti shi ne mafi munin matakin da za a ɗauka. Mafi yawan lokaci dalilin yana nan cikin gida, ko a wajen awo, ko a yadda ake shan ƙwayar, ko a tukunya, ko a ledar mai kemis. Kowanne kuma yana da gyara da yardar Allah.

*Mu fara da abin da Sunna ta koyar*

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) labarin mutumin da ya zo wajen Manzon Allah (SAW) yana kukan ciwon cikin ɗan'uwansa, aka umarce shi ya shayar da shi zuma. Ya je ya dawo ya ce abin bai yi sauƙi ba, aka sake mayar da shi ga zumar, har sau uku ko huɗu, sannan Allah ya kawo waraka. Ibnul Ƙayyim ya yi wa hadisin sharhi a Zadul Ma'ad, inda ya nuna cewa magani yana da gwargwado: idan ya gaza adadin da cutar ke buƙata ba zai kawar da ita ba, idan ya wuce kuma sai ya haifar da wata illar. A Sahihu Muslim kuma akwai hadisin Jabir (RA) da ya rataya waraka a kan dacewar magani da cuta, da izinin Allah.

To ka gani, ɗan'uwa. Wanda maganinsa bai yi aiki nan take ba, Sunna ta koya masa ya koma wajen wanda ya ba shi, a duba adadin, a duba dacewar. Ba a ce wa mutumin nan ya zubar da zumar ya nemi wani abu ba. Haka hawan jini yake.

*Na ɗaya: awon ma daidai ne kuwa?*

Mutum ya sha rana a kan babur daga ƙauye, hanya ta jijjiga shi, goro a baki, fitsari ya cika masa mara, yana sauka aka ɗaura masa na'ura a kan hannun riga yana ta surutu. Wannan awon zai iya haurawa da maki 10 ko 20 a kan gaskiyar jininsa. Wasu kuma ganin likita kawai ke ɗaga musu jini, a gida lafiya lau.

Ga yadda ake yi. A yi fitsari tukuna. A bar goro, shayi, kofi da taba na minti 30. A zauna a kujera a jingina baya na minti 5, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. A ɗora hannu a kan tebur daidai saitin ƙirji, a naɗa madaurin a kan fatar damtse, kuma a yi shiru. Mai kaurin damtse yana buƙatar babban madauri, domin ƙarami yana ƙara lamba.

A gwada sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, har kwana 7, a rubuta duka a littafi. A asibiti 140/90 ake ɗauka iyaka, a gida kuma 135/85. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu inganci. Idan kuɗinta ya yi wa mutum ɗaya nauyi, gida uku ko huɗu su haɗa su saya, ko wani mai hali ya ajiye ɗaya a masallacin unguwa. Wallahi sadaka ce mai gudana.

*Na biyu: ana shan ƙwayar yadda aka ce?*

Nan fa sai mun gaya wa juna gaskiya. Da yawa cikin masu cewa magani ya ƙi aiki, sai kai ya sara suke sha. Wasu in an gwada an ga ya sauka sai su ce sun warke. Wasu in kuɗi ya yi ƙasa sai a raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a huta. Ƙwayar tana aiki ne na kusan awa 24, in ta fita daga jiki jini ya koma inda yake. Kuma mafi yawan masu shi ba sa jin komai, ko da ya kai 180. Shi ya sa ake ce masa mai kisan mummuƙe.

Akwai kuma dalilan da ake jin nauyin faɗa wa likita. Ƙwayar sa fitsari, irin su Moduretic, tana hana dattijo riƙe alwala daga Magariba zuwa Isha, sai ya bar ta. Gyaran kawai a sha ta da sassafe. Amlodifin kan kumbura wa wasu ƙafa. Lisinofiril kan sa busasshen tari mai naci, kuma sau da yawa in an canza zuwa losatan tarin kan tafi. Wasu magungunan kuma kan rage wa maigida ƙarfi wajen iyali, ya yi shiru ya ajiye ƙwaya bai gaya wa kowa ba. Malam, ka faɗa wa likita. Maganin hawan jini iri-iri ne, za a canza maka. Ka kuma sani shi kansa hawan jinin da aka bari yana lalata jijiyoyin da ke kai jini ga gaba, wato abin da kake gudu shi za ka tarar.

Lokacin azumi, na Ramadan ko na Litinin da Alhamis, mafi yawan ƙwayoyin nan sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mayar da su sahur ko buɗa-baki bisa shawarar likita. Azumi ba dalilin ajiye magani ba ne.

Sai maganar jabu da wanda ya lalace. Ƙwayar da ta yini a rana a kan tire a kasuwa, ko ta yi wata a aljihun mota, ƙarfinta na iya raguwa. A sayi magani a asibiti ko kemis mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a ajiye shi a inuwa nesa da murhu. Wanda kuɗi ke kayar da shi ya tambaya a asibiti yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano, wato KSCHMA. 'Ya'yan da ke birni kuma, kuɗin maganin Baba na wata ya fi yadin sallah muhimmanci.

*Na uku: tukunyar uwargida*

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, an haɗa da duk wanda ke cikin abinci. Yanzu mu lissafa namu. Gishiri a miya. Magi huɗu ko biyar, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Farin magi. Yajin da aka daka da magi da gishiri ana barbaɗawa a kan wake da shinkafa. Tsire, kilishi, burodi, taliyar yara da garin ɗanɗanonta.

Sai kanwa, wadda mutane ba sa lissafawa. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yake ɗaga jini, shi ne kuma jigon kanwa. Kanwa a wake, kanwa a ɗanwake, kanwa a miyar kuka da kuɓewa, kunun kanwa da safe, jiƙon kanwa in ciki ya ɓaci. Mai hawan jini da ke cin wannan kullum, ƙwaya tana ja ƙasa, tukunya tana ja sama. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, kuma yana rage ƙarfin magunguna irin su losatan da lisinofiril. Bincike ya daɗe da nuna cewa mu baƙar fata gishiri ya fi saurin ɗaga mana jini.

Hajiya, wannan aikin a hannunki yake. A rage a hankali, dunƙule biyar ya koma uku, uku ya koma ɗaya. Cikin 'yan makonni harshe zai saba. Daddawa, albasa, citta, tafarnuwa, attaruhu da tumatir suna ba miya daɗi. Wake in an jiƙa shi tun dare yana nuna ba sai da kanwa ba. Allah ya hore mana ɗanyen kifi a dam ɗin Challawa, ga zogale, rama, alayyafo da lemo. Kuma a rage wa gidan gaba ɗaya, kada a ware wa Malam 'yar tukunyarsa, domin yaran ma gadon ciwon suke ɗauke da shi.

Mai ƙiba ya rage tumbi: kusan kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage maki ɗaya. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, tana taimakawa. Manomi yana samun wannan da damina, amma da rani in an koma zaman majalisa da shayi mai sukari, sai a tashi a taka.

*Na huɗu: abin da ake sha a gefe*

Wannan shi ya fi ɓoyuwa. Manomi ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, ya tsaya wajen mai kemis ya ce a haɗa masa na gajiya. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai diklofenak, ibufurofen ko Feldene. Waɗannan suna ɗaga jini, suna karya ƙarfin maganin hawan jini, kuma shansu kullum yana cin ƙoda. Mai hawan jini in ciwon jiki ya dame shi, farasitamol ya fi masa sauƙin illa, in ciwon ya daɗe kuma a je a duba dalilinsa.

Deksametason da firednisolon, waɗanda wasu mata ke sha don su yi ƙiba, wasu kuma don ciwon gwiwa, suna ɗaga jini da sukari. Haka wasu mayukan bilicin. Haka maganin mura mai buɗe hanci, da lemon gwangwani na ƙarin kuzari, da yawan goro, da taba ko ta hayaƙi ko ta gari. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma kan ɗaga jini, sai a gaya wa ma'aikaciyar asibiti a canza wani tsarin.

A ɓangarenmu na maganin Musulunci ma akwai abin lura. Irƙus-sus, saiwar nan mai zaƙi da ake sa wa a haɗin olsa da tari da wasu ganyayen shayi, tabbas tana ɗaga jini tana kuma zubar da sinadarin fotasiyam. Mai hawan jini ya nisance ta. Haka duk haɗin ƙarfin maza da ba a rubuta abin da ke ciki ba.

Shawara: ranar komawa asibiti a zuba duk abin da ake sha a leda ɗaya, na Bature da na gargajiya da na Musulunci, a ajiye a gaban likita.

*In duk an gyara wannan bai sauka ba fa?*

To yanzu ne aka zo wajen ƙara magani. Mutane su daina ɗaukar ƙarin ƙwaya a matsayin alamar ajali ya matso. Mafi yawan masu hawan jini a duniya sai da magani iri biyu ko fiye yake daidaita. A 2020 aka fara wani shirin yaƙi da hawan jini a wasu ƙananan asibitocin Kano da Ogun, tsarinsa hawa-hawa ne: a fara da amlodifin, in bai isa ba a haɗa da losatan, a ƙara ƙarfinsu, sannan a kawo ƙwayar sa fitsari, in har yanzu bai sauka ba a tura babban asibiti. Wanda ya shekara biyu a kan ƙwaya ɗaya ƙarama yana cewa ta ƙi aiki, ai a matakalar farko ya tsaya.

Irin haɗin ma yana da tasiri. A 2019 an wallafa wani bincike mai suna CREOLE da aka yi kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ƙarƙashin jagorancin likitan Najeriya Dike Ojji, har da Farfesa Mahmoud Sani na Kano cikin masu binciken. An gano cewa a jikin baƙar fata haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jini a kan wanda babu shi. Don haka kana iya tambayar likita cikin ladabi ko haɗinka ya dace da kai.

Likitoci ba sa kiran hawan jini mai taurin kai sai mutum yana shan magani iri uku a cikakken ƙarfinsu, ɗaya daga ciki na sa fitsari, yana sha kullum, awo kuma ya tabbata a sama. A nan akan ƙara na huɗu, kuma wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2015 ya nuna sifironolakton ya fi sauran amfani a wannan matakin. Sai dai ba a shan sa da ka, dole ana duba ƙoda da fotasiyam a jini. A nan ne kuma ake neman ɓoyayyen dalili: ciwon ƙoda, ko wani ƙullutu da ke saman ƙoda yana fitar da sinadarin riƙe gishiri fiye da kima, ko minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci. Uwargida, in Malam yana minshari har ya yi shiru kamar ya shiɗe sannan ya farka a firgice, ki faɗa wa likita, ke kaɗai kika sani.

A fara daga babban asibitin Karaye ko na Rogo, a nemi gwajin fitsari, ƙoda da sukari. In abin ya fi ƙarfinsu a karɓi takarda zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake da ƙwararrun likitocin zuciya irin su Farfesa Kamilu Musa Karaye. Kuɗin mota zuwa Kano sau biyu ko uku bai kai kuɗin wankin ƙoda na mako ɗaya ba.

*Ina matsayin habbatussauda, zoɓo, tafarnuwa da ƙaho?*

Wani zai ce, to Malam, kai da kake wannan zaure kana kore mana maganin Annabi? Subhanallah, ko kusa. Falalar habbatussauda ta tabbata a Bukhari da Muslim, haka ƙaho. Binciken zamani ma ya nuna zoɓo marar sukari, tafarnuwa da habbatussauda suna ɗan rage jini. Amma ragin 'yan maki ne. Wanda jininsa ke 180 yana buƙatar ya sauko da maki 40 ko 50, kofin zoɓo ba zai kai shi can ba. A sha su a matsayin taimako tare da ƙwaya, da sanin likita, musamman mai ciwon ƙoda, mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, wanda shi ƙaho ma sai ya yi shawara. Addu'a, ruƙiyya, zikiri da sadaka kuwa ba su da lokacin dainawa, suna kwantar da zuciya, kuma Allah ne mai warkarwa. Wanda ya tambayi Annabi (SAW) game da raƙumarsa, ɗaurewa aka umarce shi ya yi tare da tawakkali.

Ga 'yan uwana masu sayar da maganin Musulunci da na gargajiya, da masu lasifika a ranar kasuwa: mu ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce wa mai hawan jini "ajiye ƙwayar Bature, wannan jarkar za ta raba ka da shi har abada," ya ɗauki rai a wuyansa. Abu Dawud, Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Ka sayar da zumarka da man zaitunka da albarka, ka ce wa mai saye ya ci gaba da maganinsa ya kuma je awo. Cinikinka ba zai ragu ba, amanarka ce za ta ƙaru.

*Alamomin da ba a jira*

In awo ya kai 180/120, a huta a sake gwadawa, in bai sauka ba a ga likita a ranar. In kuma akwai ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, haki, gani dishi-dishi, karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu da ƙafa, a nemi mota nan take. Kada a tsaya cewa iska ce ta buge shi a kwana ana hayaƙi. A yi masa tofi a cikin mota ana tafiya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu in ba ya iya haɗiya, zai iya shaƙewa. Awannin farko su ne masu tsada.

Mai juna biyu da jininta ya kai 140/90, ko take ciwon kai da kumburin fuska, a kai ta asibiti a ranar saboda gudun jijjiga. Losatan da lisinofiril suna cutar da ɗan tayi, akwai nasu na masu ciki daban. Kada mace ta sha na mijinta, kada miji ya sha na maƙwabcinsa.

'Yan uwa, rage lambar sama da maki 10 kacal yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ko daga 170 ka sauko 155, ka ci riba, sai a ci gaba da nema. Lafiya amana ce, iyalinka kuma suna da haƙƙi a kan ƙarfinka. Yau da daddare a ɗauko ledar magani a ƙirga, a duba tukunya, a samo littafin rubuta awo.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya yaye wa waɗanda ke kwance, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. A tura wa 'yan uwa, a kuma karanta wa dattawan da ba sa riƙe waya.